Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Tawa Kan Gasa Da Haɗin Kai A Makarantun Madawa, Buza Da Keita

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa,

Wannan wasiƙa ta shafi wani al'amari da ba kasafai yake isa teburin gwamna ba, domin ba shi da gaggawa irin ta tsaro ko ta ƙarancin cimaka, ko da yake yana da hannu a cikin su biyun, wato irin halin da makarantun gundumomin Madawa da Buza da Keita suke saba wa yara da shi game da gasa da haɗin kai. Abin da ake nufi da tarbiyyar hali a nan shi ne duk wata hanya da ake bi a saba wa yaro da ɗabi'a har ta zame masa jiki, ko ta wa'azi ce, ko ta koyi da manya, ko ta lada da horo. Gasa ita ce ƙoƙarin mutum ya zarce ɗan'uwansa a fage mai ƙa'ida, haɗin kai kuwa shi ne aikin da ba ya kammaluwa sai da hannun wani. Hujjar wasiƙar guda ce: mutanen waɗannan gundumomi sun daɗe da sanin yadda ake saka gasa a cikin aikin haɗin kai, ta yadda ƙwazon wanda ya yi fice zai amfani wanda ya rage a baya, alhali makarantar boko ta raba abubuwan biyu, ta ba gasa maki da kyauta da suna, ta bar haɗin kai a matsayin darasin da ake haddacewa a manta.

Ya isa a dubi ranar da ake bayyana sakamakon jarrabawar ƙarshen zango, wadda yara da iyayensu suke kira kompozisiyo. Malami yakan tsaya da takarda a hannu ya kira na ɗaya, a tafa, ya kira na biyu da na uku, a sake tafawa, daga nan tafin ya riƙa raguwa har a kai tsakiyar jeri inda ba mai saurare sai wanda yake jiran sunansa, kuma kafin a iso ƙarshe ajin ya koma dariya da ihu, yaron da ya zo na ƙarshe kuwa sunan zai bi shi har bakin rijiya da cikin kasuwa. Wannan tsari yana da wata siffa da ya kamata a lura da ita, domin matsayi ba kamar maki ba ne: yara duka suna iya samun maki mai kyau a lokaci guda, amma na ɗaya mutum guda ne, kuma ba mai hawa sai wani ya sauko. Saboda haka yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta tsaya ta bayyana wa abokiyar zamanta yadda ake rabawa a lissafi tana kasada da matsayinta, kuma yara ba sa buƙatar a faɗa musu wannan, shi ya sa tun daga ƙananan azuzuwa ake ganin yaro ya kifa hannu a kan allonsa yana leƙen na kusa da shi. Washegari malamin nan zai rubuta darasin tarbiyya da sanin haƙƙin ɗan ƙasa a kan taimakon juna, yara su maimaita da murya ɗaya, amma sun riga sun ga abin da ake tafa wa. Mafi muni shi ne taimakon juna guda ɗaya da ya rage yana da tasiri a kan maki shi ne satar amsa, har yaro ya tashi yana ganin miƙa wa aboki takarda a ɓoye shi ne zumunci, ƙin miƙawa kuma rowa ce. Wanda ya girma da wannan fahimta ba zai ga aibi ba ranar da ya zama ma'aikaci ya rufa wa ɗan garinsu asiri a kan dukiyar jama'a.

Ba a rubuta wannan don a tsine wa gasa ba. Ajin da ba a bambanta mai ƙoƙari da malalaci yakan mutu a tsaye, kuma ga ɗan talakan da ya fito daga wani ƙauye na Garhanga ko Babankatami, wanda ba shi da kowa a Yamai, maki shi ne kaɗai abin da zai tsaya masa a gaban ɗan mai hali. Sai dai yana da kyau a tuna cewa manyan jarrabawoyin ƙasa, BEPC da bakaloreya, ba jeri suke yi ba, iyaka suke sanyawa, duk wanda ya kai ta ya ci, ko da duk ɗaliban gari ne. Ke nan babu abin da makarantar Tamaske za ta rasa idan ɗalibanta suka taya juna karatu, riba ma za ta ci, kuma al'adar jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe gado ce daga makarantar zamanin Faransawa wadda aikinta shi ne tace 'yan kaɗan da za su zama akawu da tafinta, a mayar da sauran gona.

A gonar kuwa wani tsari ne daban. Gayya ita ce aikin da mai gona yake kiran samarin gari su taya shi ba da lada ba, shi kuma ya ciyar da su, kuma wanda bai taɓa ganinta ba zai zaci aiki ne na lumana da sanyin jiki, alhali da wuya a sami fagen da rige-rige ya fi zafi. Samari sukan jeru a bakin gona kowa da layinsa da hauyarsa, makaɗi yana biye da gangar noma yana kiran kowa da kirarinsa da na ubansa, 'yan mata suna gefe da fura da ruwa suna kallo, kuma ba saurayin da yake so a ce a bayan wane ya fita. Amma wanda ya riga kowa kaiwa ƙarshen gona ba ya zama a inuwa, juyowa yake yi ya tari wanda ya rage a layinsa, domin ba a tashi sai an gama gonar. Gwani ya tafi da suna, mai gona ya tafi da noma, kuma sau da yawa mai gonar tsoho ne, ko majinyaci, ko surukin ɗaya daga cikin samarin. Kishin da ke tsakanin matasan na gaske ne, ba a ɓoye shi ba, ba a kuma yi musu wa'azi su bar shi ba. An dai shirya fagen ta yadda duk gumin da kishin ya jawo a gona ɗaya zai zuba.

Haka abin yake a sarautar noma. Masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, wanda ya yi dogon bincike a kwarin Maraɗi, ya bayyana bikin dubu, inda manomin da ya tara damin hatsi dubu yake tabbatar da fifikonsa ta hanyar rabar da dukiyar ga jama'a kafin a kira shi sarkin noma, wato hanyar hawa ita ce tarawa, amma sharaɗin zama a sama shi ne bayarwa. A fagen kokowa ma, wadda gasarta ta ƙasa ta fara a nan garin Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko, kowace jiha 'yan kokowa goma take turawa, waɗanda suka kayar da juna a zaɓen gida, sannan su koma ɗaki ɗaya da mai horarwa ɗaya suna nuna wa juna dabarun abokin karawa. Gaskiya ne tun da kuɗi suka yi yawa a fagen ake yawan jin ƙorafin cinikin faɗuwa, kuma wannan ma darasi ne, domin yana nuna abin da ke samun gasa idan kyauta ta fi suna nauyi.

Babu gundumar da ta ga amfanin aikin tare da idonta kamar Keita. A lokacin farin 1984 da yunwar da mutanen yankin suke kira El-Buhari, an buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar abinci ta duniya kuma tana biyan ma'aikata da abinci, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. An farfaɗo da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta mutu, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an gina madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyi. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin mata ne, domin maza sun tafi biɗa Najeriya da Abijan da sauran biranen gaɓar teku, kuma su ne suka ɗauki duwatsu a ka suna jerawa a kan fako, suka haƙa ramuka da diga a jikin tsaunuka inda za a tare ruwan sama a dasa itace. Abin da ya sa wannan aiki ya dace da batun wasiƙar shi ne yanayin ƙasar Adar kanta. Ruwan da ya sauka a kan tudu ba ya tsayawa a gonar mai tudu, gangarowa yake ya yanka kwazazzabo ya binne fadamar wani da yashi, don haka dutsen da mace ta jera a sama gonar mutumin da ba ta sani ba yake karewa a ƙasa, kuma manomi ɗaya, komai ƙwazonsa, ba zai iya tsare gonarsa shi kaɗai ba. Sai dai bayan da aikin ya ƙare, wasu daga cikin gine-ginen sun lalace saboda rashin gyara, kuma ba a rasa dalili ba: an gina duwatsu, amma ba a gina ɗabi'ar kula da abin da yake na kowa ba, kuma biyan aikin gayya da buhu da gwangwani, duk da cewa ya ceci rayuka a shekarar yunwa, ya saba wa mutane da jiran mai biya kafin a ɗaga dutsen da ya faɗi. Jikokin waɗannan mata su ne suke zaune a azuzuwan Ibohaman da Tamaske a yau, kuma abin mamaki ne a ce yaro zai gama firamare ya san sunayen kogunan wasu nahiyoyi, bai taɓa hawa tudun bayan garinsu tare da malami an nuna masa dalilin jera duwatsun ba.

Kwarin Majiya, a gundumar Buza, ya ba da darasi na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Tun daga 1975 ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge, don karya ƙarfin iskar da take kwashe ƙasa tana binne shuka, har shingayen suka kai ɗaruruwan kilomita, kuma binciken farko ya nuna amfanin hatsi ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar a gonakin da suka sami kariya. Amma ribar ba ta faɗa daidai a kan kowa ba. Manomin da layin ya ratsa gonarsa ya rasa fili, inuwa da saiwoyi kuma suka rage masa amfani a gefen itatuwan, maƙwabcinsa da bai ba da ko taki ɗaya ba ya sami kariya kyauta, masu dabbobi kuma aka hana su kiwo a wurin shekarun da itatuwan suke ƙanana, aka sa masu gadi. Da itatuwan suka isa sara sai tambayar da ba a amsa tun farko ba ta taso, wato na wane ne itacen, na mai gona, ko na gari, ko na hukuma. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 saboda bincikenta kan dukiyar da jama'a suke tarayya a kai, ta nuna cewa irin wannan dukiya tana ɗorewa ne inda masu amfani da ita suka sa hannu wajen tsara ƙa'ida, inda rabon riba ya yi daidai da rabon wahala, inda kuma ake da mai sa ido da horo mai hawa-hawa. Wannan yana nufin haɗin kai fasaha ce da ake koyo, mai buƙatar iya lissafin wa ya bayar da me, da iya zaman shawara, da iya karɓar hukuncin da bai yi wa mutum daɗi ba, kuma kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ba.

Manoman albasa na kwarin Tarka sun san kuɗin rashin wannan fasaha. Albasar Galmi ta yi suna daga Madawa har Akara da Abijan, kuma gasar da ke tsakanin masu lambu ita ce ta kai ta can, domin kowa yana kallon fangalin maƙwabcinsa yana gyara nasa. Amma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire albasarsa a tare, bashin taki da na man injin ban-ruwa yana jira, sai kowa tasa ta fisshe shi, farashi ya faɗi, dillali ya zaɓi wanda ya fi matsuwa, a cika buhu har a ɗinka masa hula a biya kuɗin buhu ɗaya. Bayan 'yan watanni farashin yakan ninka, ribar kuwa ta tafi ga wanda ya iya ajiya a rudu, wato rumbun albasa na kara da ciyawa. An kafa ƙungiyoyin manoma da wuraren ciniki na bai ɗaya don magance wannan, amma yarjejeniyar farashi takan karye ne daga ranar da mutum guda ya zagaya da dare ya sayar a ƙasa da abin da aka tsayar, kuma ba doka ce take hana wannan ba sai amana.

Akwai inda abin ya wuce asarar kuɗi. A farkon watan Nuwamba na 2016, a Bangi da ke gundumar Madawa, rikici tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum aƙalla 18, ya bar wasu da dama da raunuka, alhali dokar tsarin karkara ta 1993 da kwamitocin kula da filaye suna nan, burtali da ranar sakin gonaki kuma sanannun abubuwa ne. Takara a kan ciyawa da ruwa ba za ta gushe ba a yankin da jama'a suke ƙaruwa, ƙasa kuma ba ta ƙaruwa, tambayar ita ce da wane hali mutane za su shige ta. A 1954 wani masanin halayyar jama'a mai suna Muzafer Sherif ya raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, ya haɗa su wasannin da dole ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, kuma cikin 'yan kwanaki suka koma zagi da ƙona tutar juna. Tara su wurin cin abinci bai gyara komai ba, gabar ba ta sauka ba sai da aka sa su a gaban matsalolin da rukuni ɗaya ba zai iya warwarewa ba, kamar lalacewar hanyar ruwan sansanin da motar abincin da ta ƙi tashi sai an ja ta tare. Binciken ƙarami ne, an kuma yi masa suka daga baya, amma abin da ya nuna bai saɓa wa abin da dattawan Adar da Gobir suka sani ba. Ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Buzu da suke zaune a benci ɗaya suna takarar matsayi ba lalle su zama abokai ba, amma idan makinsu ya rataya a kan aiki guda dole su koyi jin maganar juna. Ƙasar nan tana da wasan taubasai, irin na Gobirawa da Zabarmawa ko na Fulani da Arawa, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma shi ma takara ce ta baki da aka ɗaure da haramcin fushi da wajabcin taimako.

Halayen da ake nema ba baƙi ba ne. A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin da Hausawa suke auna mutum da su, daga ciki akwai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci, kuma duk wanda ya dube su zai ga babu wadda mutum zai iya nunawa shi kaɗai a ɗaki, kowace tana buƙatar abokin hulɗa. Addini ma ya haɗa umarni biyun, na rige-rige wajen ayyukan alheri a cikin Suratul Baƙara da na taimakon juna a kan nagarta a cikin Suratul Ma'ida, kuma makarantar allo, duk da matsalolinta da ba a musu, ta riƙe wani abu da boko ta saki, domin a can gardi shi ne yake biya wa ƙolo karatu, kuma darajar ɗalibi tana ƙaruwa da yawan waɗanda yake biya wa.

Abin da ake roƙon Mai Girma Gwamna bai kai sauya manhaja ba, wadda ikonta yana hannun ma'aikatar ilimi a Yamai. Yana cikin abin da gwamna da shugabannin gundumomi da sufetocin makarantu suke iya yi da kansu, wato sauya abin da ake yabawa a bainar jama'a. A duk ƙarshen shekara hukumomi da 'yan kasuwa da 'yan asalin yankin mazauna waje sukan raba kyaututtuka ga ɗaliban da suka yi fice, kuma ba a ce a daina ba. Ana neman a ƙara wata kyauta mai daraja ɗaya da ta farko, wadda za a ba aji ko makaranta, ba ɗalibi ba, bisa ga yawan yaran da suka fara shekara ba su iya karatu ko lissafi ba suka ƙare sun iya, da kuma yawan waɗanda aka fara da su aka gama da su, musamman 'yan mata. Da zarar an auna makaranta da ci gaban na bayanta, gwanin aji ya zama dukiyar ajin, darekta da kansa zai zaunar da shi kusa da mai rauni, gasa kuma za ta tashi daga tsakanin yaro da yaro ta koma tsakanin Karofan da Tama, ko tsakanin Sabon Gida da Azarori. A cikin aji kuma akwai hanyar da Elliot Aronson ya gwada a 1971 a makarantun birnin Austin na Amurka, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko ana zaman doya da manja: a raba darasi kashi-kashi, kowane yaro a rukuni ya ƙware a kashi ɗaya ya koya wa sauran, sannan a yi wa kowa jarrabawa shi kaɗai a kan darasin duka. Hanyar ba ta buƙatar wutar lantarki ko sabon gini, tana ma sauƙaƙa wa malamin da littattafansa ba su kai yawan yaransa ba. Game da kiran sakamako, umarni ɗaya daga sufeto ya isa a riƙa kiran na gaba-gaba da waɗanda suka fi ƙara maki a kan na zangon baya, a bar sauran jerin a cikin takardar da za a kai wa iyaye.

Jihar Tawa ba ta rasa hannun da zai ɗauki wannan aiki ba, domin a nan ne aka fara, a 2004, shirin nan na makaranta don kowa tare da hukumar JICA ta Japan, wanda ya sa aka riƙa zaɓen shugabannin kwamitocin kula da makarantu ta hanyar ƙuri'ar asiri, gari ya zauna ya tsara abin da zai yi wa makarantarsa da ƙarfinsa, kafin a yaɗa tsarin a faɗin ƙasa. Waɗannan kwamitoci, da aka sani da COGES daga baya CGDES, da tarayyarsu ta kowace ƙaramar hukuma, su ne za su iya shaida gwajin farkon shekara da na ƙarshenta don kada a yi aringizo. Su ne kuma za su iya nema wa kowace makaranta wani yanki na fako ko wani layin dogon yaro da za ta riƙa kula da shi, yara su auna, su rubuta, su tsara ƙa'idar rabon aiki da ta rabon abin da aka samu, a kuma gayyaci tsofaffin matan da suka yi aikin Keita su zo su yi bayani tun suna raye.

Wajibi ne a faɗi haɗarin da ke cikin shawarar. Mai Girma ya san tarihin ƙungiyar matasa ta samariya a zamanin Janar Seyni Kunce, wadda ta gina azuzuwa ta share garuruwa ta kuma haɗa matasan jihohi a gasar wasanni da al'adu, amma da yake daga sama aka riƙe ta, ƙarfinta bai daɗe ba bayan rasuwarsa a 1987, kuma a wurare da dama mutane sun riƙa ganin aikinta kamar aikin tilas da aka sauya wa suna. Idan aikin makaranta ya koma noman gonar darekta ko ɗebo wa malamai ruwa, iyaye za su janye 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya. Haɗari na biyu ya shafi 'yan mata, domin a gida da makaranta duk lokacin da aka ce a taimaka su ake nufi, su ne masu shara da ɗaukar ruwa, maza kuma su ne shugabannin rukuni, saboda haka sai an rubuta a fili cewa shugabanci da tsintsiya duka zagayawa za su riƙa yi. Na uku shi ne malalacin da zai laɓe a bayan rukuni ya ci guminsa, wanda maganinsa shi ne kada a taɓa soke jarrabawar mutum ɗaya-ɗaya. Akwai kuma malaman kansu, waɗanda da yawansu 'yan kwantaragi ne masu jiran albashi, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu sabon nauyi ba tare da horo a tarukansu na ƙara wa juna sani ba, da kuma rabo a cikin yabon idan makarantarsu ta ci.

Saboda waɗannan dalilai ba a ba da shawarar a fara da jiha duka ba. Ya fi dacewa a zaɓi 'yan makarantu a kowace daga cikin gundumomin uku, a haɗa da na garuruwan da manoma da makiyaya suke zaune tare kamar Bangi, a yi gwajin karatu da lissafi a makonnin farko bayan komawa makaranta a watan Oktoba, a maimaita shi kafin hutun damina, a kwatanta da makarantun da ba su shiga ba, sannan a karanta sakamakon a gaban sarakuna da iyaye da malamai, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ana roƙon Mai Girma ya umarci daraktan ilimi na jiha da sufetocin Madawa da Buza da Keita su zauna da tarayyar kwamitocin makarantu a kan wannan kafin buɗe shekarar karatu mai zuwa, kuma idan lokacin ba da kyautar ya zo, ya miƙa ta da hannunsa a harabar makarantar da ta ci, ko da a ƙarshen hanyar Allakaye take.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, ya ba jihar Tawa lafiya da damina mai albarka.

Daga wani mai bibiyar harkokin ilimi a yankin Adar da Gobir.